Ranar da Hajiya ta ci safu

"Ga mu nan tafe daga port, mu bakwai ne da abokan aiki," in ji maigidana a waya, daga tashar jiragen ruwa inda yake aiki. Ni kuwa ina tsaye a kicin, ko tumatir ɗaya ba ni da shi.

Washegarin Babbar Sallah ne, a shekarun da rikici ya tsananta a yammacin ƙasar. Kwana uku motocin kayan miya ba su ƙetaro gadar Bonabéri zuwa cikin Douala ba. Naman rago akwai, amma da wace miya?

Na leƙa bakin layinmu a unguwar New Bell. Damina ce, safu, ɗan itacen nan mai kama da atile, ya cika tiren masu talla, ga ɗanyar masara, ga agada ta nuna. Na kwaso, na hura gawayi. Safun na binne shi a toka mai zafi har ya yi laushi kamar man shanu, sauran na gasa, na barbaɗe naman da yaji. Kafin su iso na shimfiɗa tabarma.

Fargabata ɗaya, surukata Hajiya. Shekara talatin tana Douala, safu bai taɓa shiga bakinta ba, wai abincin bakin titi ne.

Ta dubi farantin. "Yanzu wannan za ki ba baƙin Sallah?"

"Hajiya, abin da Allah ya kawo mana bana ke nan."

Ta ɗauki ɗaya don ta samu abin faɗa. Ta ɗauki na biyu. Da na zo ɗauke farantin sai ta dafe shi. "Na mazan ya ishe su. Bar wannan a nan."

Wallahi har yau ban yi girkin da nake alfahari da shi kamar wannan ba. Ku fa, me kuka taɓa fita kunyar baƙi da shi?