Tsohuwar da Aka Ba Aron Kwana Arba'in

A Tama na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa, Inna Hajo. Mahaifiyata ta rasu ina goye, don haka ban san ɗumin kowa ba sai nata. Da an kai gero rumbu, sanyi ya fara saukowa daga kan duwatsu, sai ta tara karan dawa a tsakar gida bayan magariba ta hura wuta. Mu jikoki mu kewaye ta, ita kuwa tana ɓarar gujiya tana miƙa wa wanda ya fi natsuwa. In ta ce, "To, ga ta nan tahe," sai mu amsa, "Ta sauka lahiya, Inna."

Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini. Wadda ta zauna ita ce ta Dije.

Dije marainiya ce, mijinta ya tafi cin rani ya bar ta da tsohon ciki. Da haihuwa ta matso, ta ɗauki damin gero ta bi gida gida tana neman macen da za ta zauna da ita. Wannan ta ce aiki ya yi mata yawa, waccan ta ce ɗiyarta ma ta kusa. A hanyar rijiya ta tarar da wata tsohuwa zaune gindin gawo, fuska a lulluɓe. Nan Inna Hajo kan rage murya ta ce, "Aje geronki, ɗiyata. Ni ka zama da ke. Amma kada ki tambaye ni inda nit taho, kuma ran arba'in kada ki riƙe ni."

Tsohuwa ta bi ta gida. Da naƙuda ta zo, ta durƙusa bayanta ta riƙe ta har yaro ya faɗo. Ita ta yanke cibiya, ita ke tafasa ruwan wanka safe da yamma, ta dama kunun kanwa. In Dije ta fashe da kuka ba dalili, ba ta yi mata faɗa, sai ta karɓi jariri ta zauna kusa da ita. Ran arba'in ta zaunar da Dije za ta yi mata kitso, sai ta fara daga ƙeya. Mutum ɗaya ce ta taɓa fara mata kitso daga ƙeya. Dije ta juya ta cafke zanenta ta ce, "Inna!" Tsohuwa ta ce, "Saki, ɗiyata. Aron kwanakin aka ba ni." Ta nufi rijiya, ba a sake ganinta ba.

Sauran yara kan yi ta gardama ko aljana ce. Ni dai wata rana na ce, "Inna, in na girma, tawa uwar za ta zo?"

Ta ƙara kara a wuta. Sannan ta ce, "Ke da kike da ni? Ni ka riƙe miki baya, in Allah ya so."

Allah bai so ba. Ta rasu a shekarar da ta biyo bayan babban fari, kafin a ɗaura mini aure. Maigidana direban kamyo ne, babbar motar kaya, a aikin raya ƙasa na Keita, can na yi cikin fari, garin da ban san kowa ba. Da ya ce za mu ɗauki macen da za ta kula da ni, na ƙi. Na ce, "Uwa ake haya kamar jaki?" Bai ja da ni ba, sai dai bayan kwanaki ga wata doguwar mace daga Garhanga da ƙullin kayanta. Rabi sunanta.

Ba ta yi kama da Inna Hajo ko kaɗan ba. Muryarta kamar ana tsaga itace, bakinta ba ya rabuwa da goro, kununta kuwa kanwa ta yi yawa. Amma a gidan haihuwa, da ungozomar asibiti ta duba ni ta wuce wurin wasu, Rabi ce ta tsaya. Ta dafa ƙuguna da hannu biyu tana cewa, "Jingina da ni, ba ni faɗuwa." Ranakun da nono ya ƙi zuwa ina kuka, ta gasa mini da ruwan zafi, ta ce haka ake yi, kowa ta bi nan.

Da na yi arba'in ta ɗaure kayanta. Na bi ta har bakin zaure ina hawaye. Ta ce, "Haba Gwamma, koma ciki, wata na can Garhanga watan haihuwarta ya kama."

Sai da na manyanta na gane Inna Hajo ta san shekarunta ba lallai su kai ta ba. Tana shirya ni ne in karɓi hannun da aka aiko mini, ko na wa ne, in kuma sake shi in lokaci ya yi. Na karɓa, na gode. Amma har yau ina jin da ita ce ta fara ɗaukar jaririyata, ko sau ɗaya.

Sunan kakar tawa muka sa wa yarinyar. Bakina bai taɓa iya kiranta da shi ba. Inna nake ce mata, ita kuma ta amsa.