Bargunan Inna Saura-Kaɗan

Mahaifiyarmu ta ƙare shekarun aikinta duka a ɗakin wanki na wani otal, tana gugar fararen zannuwan gado tun safe har yamma. Farin zane take ɗauka, shi take ninkewa, shi take jerawa a cikin kabad. Ta sha gaya mana cewa ko ta rufe ido a motar dawowa gida, farin nan take gani. Ina jin shi ya sa ta kamu da son ƙyalle mai launi tun muna ƙanana. Rigar da ta yi wa yaro kaɗan, labulen da rana ta cinye gefensa, guntun yadin da tela ya share zai zubar, duk a jakarta suke ƙarewa. Sai ta yanka su ƙanana-ƙanana, ta riƙa haɗawa da allura da zare har su zama fuskar bargo. A ƙa'ida, daga nan sai a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa shafi a baya, a bi da ɗinki, sannan a kalmashe baki. Inna dai ba ta taɓa kaiwa ga kalmasar nan ba.

Mu huɗu ta haifa: Yaya, sai ni, sai Dogo, sai Auta. Kowa da bargonsa a cikin akwatin ƙarfen da ke bayan ƙofar falo, kuma har muka yi aure babu wanda ya taɓa lulluɓa da nasa. In ka tambaye ta, amsar ɗaya ce: "Saura kaɗan." Ta faɗe ta har maƙwabta suka laƙaba mata ita, ita kuma take amsawa da fara'arta kamar sunan da aka raɗa mata ne.

Laifin namu ne, in ji ta, don mun ƙi tsayawa wuri ɗaya. Da ka shiga gidan, kafin ka sha ruwa, za ta ce ka kwanta a kan dardumar falo. Ta ciro bargonka ta shimfiɗa maka, ta ja da baya, ta kama haɓa.

"Kai Dogo, yaushe ka ƙaro wannan ƙafar? Jiya-jiya fa na auna ka."

"Inna, ni da na haifi 'ya'ya biyu, wane tsawo zan ƙara?"

"To bargon ne ya motse? Tashi. Sai na ƙara layi."

Ni da na yi aure cewa ta yi yanzu faɗin mutum biyu ake bukata. Da na haihu ta ce yara za su riƙa tsalle su faɗo gadon, a ƙara. Auta kuwa kullum launi ne bai yi ba: ta yi haske, ja ya daina karɓarta, sai an farke an canza. Yaya kaɗai ne bai yarda a auna shi. Tun da ya shiga sakandare ya ce shi ya wuce kwanciya a ƙasa, ya kuma tsaya a kan bakansa har furfura ta fito masa.

Da Inna ta ajiye aiki mun ji tsoro, don mun ga yadda zaman banza ya cinye wata abokiyar aikinta cikin ɗan lokaci. Akwatin nan ne ya tsare mana ita. Da gari ya waye za ta ja kujerarta bakin taga, ta ɗora tabarau a karan hanci, ta buɗe tsohon gwangwanin biskit da take zuba zare da allurai, shi ke nan an kama aiki. Ranar Asabar kuwa gidan ba ya shiguwa. Wannan ya zo da tsohuwar riga, wancan da ragowar labule, a baje a ƙasa ana gardamar wane ƙyalle zai zauna kusa da wane. Bargunan nan su ne suke tayar da ita daga gado, su ne kuma suke kawo mu gidan, ko da yake ba kowa ne ya lura da haka ba.

Yaya ne kan gaba a rashin lurar. Mai kula da sito ne a wani kamfanin kayan gini, mutumin da in ya ga kwali a buɗe sai ya rufe shi ko da ba nasa ba ne. Yana ƙaunar Inna ƙwarai, amma akwatin nan ya tsaya masa a rai. To da aka yi mata aikin yanar ido, aka ce ta zauna wajen Auta na 'yan makonni tunda ita ma'aikaciyar jinya ce, sai ya kira ni da Dogo.

"Na samu tela mai kyau," ya ce. "Kafin Inna ta dawo zai gama mata su duka. Ta huta. Tsohuwa da sabon ido ba ta kamata da ramin allura ba."

"Yaya, kada ka taɓa mata akwati," na ce. "Ba gajiya ce ta hana ta gamawa ba."

"To mene ne?"

A lokacin ban iya jera masa dalilin ba, na dai san abin ba daidai ba ne. Na ɗaga murya, ya ce dama ni tun ina ƙarama ba a kawo shawara in ce to. Dogo ya ce shi dai duk yadda aka yi, muddin zai samu abin rufa kafin ya tsufa. Washegari Yaya ya sa akwatin a bayan motarsa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ban fasa tuna masa cewa na faɗa ba.

Telan ya yi abin da aka sa shi. Kowane bargo ya kama shi a inda ya same shi, ya sa auduga da shafi, ya bi da keke, ya kewaye bakin da wani yadi ruwan ƙasa mai sheƙi. Ranar da Inna ta dawo, ga su nan huɗu a ninke a kan doguwar kujera, Yaya na tsaye a gefe yana murmushi. Ta daɗe tana shafa na saman. Ta leƙa bayan ƙofa, ta buɗe akwatin, babu komai sai warin kafur.

"An gama ke nan," ta ce. "To, Allah ya yi albarka. Kowa ya ɗauki nasa."

Muka ɗauka a ninke, muka tafi. Asabar ta zagayo, Dogo ya ce yana da aikin wayar wuta a wani gini. Ta gaba Auta tana bakin aiki. Yaya ya yi waya ya gaishe ta, ya ce ai yanzu ta samu hutu. Babu wanda ya yi niyyar ɗauke ƙafa, amma babu ƙyallen kaiwa, babu awo, babu gardama, sai zuwan ya zama abin da ake iya ɗagawa. Ni na je wata rana da azahar na tarar da kujerar bakin taga an jibga mata wanki. Inna tana kwance a ɗaki, rediyo a kashe, ta zuba wa farin silin sabon idon da aka sha wahala aka gyara. Shayin safe yana nan a kofi ya yi sanyi.

"Inna, jikin ne?"

"Lafiyata ƙalau. In tashi in yi me?"

Na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko ranar da aka shiga da ita ɗakin tiyata. Tsoron ya juye ya zama fushi kafin in kai bakin titi. Na kira su ɗaya bayan ɗaya, na ce ranar Asabar kowa ya zo da bargonsa, wanda bai zo ba kuma kada ya sake kira na 'yar'uwarsa. Niyyata in tula su gaban Yaya in ce ya ga aikinsa. Ban shirya komai bayan wannan ba.

Suka zo kuwa. Inna tana ɗaki, ta amsa gaisuwa daga kwance. Ina cikin wanke Yaya tas, Dogo ya katse ni.

"Ni fa ina da ƙorafi tun tuni, kunya ce ta hana ni. Ku duba."

Ya miƙe a kan darduma kamar yadda ya saba, ya ja bargonsa zuwa wuya. Ƙafafunsa suka fito tun daga ƙwauri, ga safa ɗaya da huji a babban yatsa. Ya ja ƙasa, ƙirji ya buɗe. Auta ta fara ƙyalƙyala. Na warware nawa, wanda ban ko buɗe ba saboda haushi, sai ga shi faɗi ya kai na mutum biyar, tsawo kuwa ko cinyata bai rufe ba, don shekarun nan duka ta gefe Inna take ƙara min.

"Saura naka, Yaya," in ji Auta.

"Nawa lafiyarsa lau."

"A gani a ƙasa."

Ya duba ƙofar ɗakin Inna, ya dube ni. Ina jin a nan ne abin da na kasa faɗa masa ya shige shi. Mutumin da rabonsa da dardumar nan tun yana ɗan makaranta ya cire takalmi, ya kwanta da gogaggiyar rigarsa mai ruwan toka, ya rufa. Bargon yana nan a awon yaron da ya ƙi kwanciya. Ya zauna masa a kan tumbi kamar an ɗora hankici a kan tulu. Dogo ya yi ta dukan ƙasa, ni da na zo da faɗa hawaye suka zubo min don dariya, Yaya kuwa ya ɗaga murya da gangan yana cewa, "Ai ya ishe ni! Saura kaɗan ne!"

Sai ga Inna a bakin ƙofa, ɗankwali a karkace. Ta dubi ɗanta na fari a ƙasa. Ta matso, ta sunkuya, ta kama gefen bargon ta kai shi kusa da sabon idon.

"Wa ya sa min wannan baki mai sheƙi? Bargo ne ko labulen ofis? Dubi ɗinki, ya tafi yawo ya dawo." Ta ja tsaki. "Kai kuma kwanta daidai, miƙe ƙafa. Shekara nawa ina bin ka. Ke, miƙo min gwangwanina. Akwai reza a ciki."

A ranar aka kwashe wankin da ke kan kujerar bakin taga. Inna ta raba aiki: ita ce mai ɗinki, mu ne masu farkewa, Yaya kuma shi ta ba ɗinkin keken da ya fi tauri, tunda shi ya sayo shi. Asabar bayan Asabar yana zaune a ƙasa da tabarau da reza, yana tsintar guntayen zare daga wandonsa, babu ko ƙorafi. Shi yake fara zuwa, ya zo da burodi, ya kuma koyi zura zare a allura, abin da yake alfahari da shi fiye da kima.

Abin da babu wanda ya zata shi ne, Inna ta fara gamawa. Ta ce ganin bakin bargonta a hannun wani ne ya ba ta haushi, in dai gamawa ce, ita za ta yi kayarta. Ta gama na Auta, da jan da ta ce ba ya karɓarta. Ta gama nawa, ta rage faɗin ta mayar tsawo. Na Dogo ya ci tsofaffin labulayen falon duka kafin ya rufe yatsunsa. Kowanne ta kalmashe shi da hannu, ɗinki ƙanana a jere, ta ciji zaren, ta jefa wa mai shi ta ce, "Ungo, ka ishe ni." Ni dai daren farko da na rufa da nawa na gane guntun rigar makarantata da hannun rigar marigayi Babanmu, na yi kukana na daɗi, na yi barci har na makara.

Da aka zo kan na Yaya, sai ya fara wasu 'yan dabaru. Yau ya ce kore bai dace da shi ba, gobe ya ce yana jin ya ƙara ƙiba, a sake awo. Inna tana jin sa, allurarta ba ta tsaya ba. Ranar da ya rage tsawon tafin hannu a kalmasar, muna zaune duka, sai ya ɗora hannunsa a kan nata.

"Inna, bar wannan gefen haka. Ba sauri ake ba."

"Kai ne fa mai son a rufe kwali."

"Na sani. Amma in kin gama wannan, akwatin ya koma babu komai."

Ta buge hannun. Ta ci gaba da ɗinkinta a natse har ƙarshe, ta ƙulla, ta ciji zaren, ta yafa masa bargon a kafaɗa. Ya rufe shi har ƙasa. Yaya ya sunkuyar da kai yana murza bakin kalmasar da yatsa.

Sai Inna ta sa hannu ƙarƙashin matashin kujerarta ta zaro wasu ƙyallaye biyu da ta riga ta haɗa, ɗaya rawaya, ɗaya ruwan toka mai aljihu da maɓalli.

Yaya ya zaro ido. "Inna! Rigata ce wannan! Wadda na cire a nan ranar da shayi ya zube min. Na birkice gidana ina nemanta!"

"Ta yi maka kaɗan."

"To wannan kuma na wa za a yi?"

"Na wanda ya zo ranar Asabar," ta ce, ta miƙa masa allura da zare. "Zura min. Saura da yawa."