Tayin da na yi wa kawaici a Bompai

Ana sallame sallar Asuba muka tashi daga Dorayi, ni da abokin aikina. Mu biyu ke koya wa ma'aikatan masana'antu Turanci da yamma a wani zaure, sai mai gidan ya ce zai mai da shi shago. Shi ne muka fita neman aji. In ajin ya watse ni zan zauna a gida, don shi abokin nawa yana da shagon buga takardu.

A cikin adaidaita, wanda kuɗinsa ya ƙaru amma titin bai gyaru ba, na yi ta bitar darasin da na shirya wa ɗalibai: donate, lend da offer, duk bayarwa ce amma kowacce da halinta. Shi kuwa gyangyaɗi yake yi.

Mun isa Sharaɗa ana canjin ma'aikata, masu koko da ƙosai sun cika bakin wani kamfanin robobi. Mai gadi ya kalli kwat ɗin abokina ya ce, "Sannu da zuwa, yallaɓai." Ni da babbar rigata sai ya ce, "Malam, tare kuke?" Manajan ya ce ɗaki dai babu, amma kamfani zai yi donate na kujeru. Na raɗa wa abokina cewa wannan kyauta ce don amfanin jama'a, ba ta komawa. Da aka ɗauki hoto shi ne riƙe da kujerar, ni kafaɗata ce kawai ta fito.

Challawa kuwa tun daga nesa warin jima ya tare mu, ga tireloli sun cinye hanya. Wata Hajiya mai kamfanin fata ta ce za ta yi mana lend na allo da benci, wato aro, ranar da ta buƙata mu mayar. Ni na yi bayanin, lambar wayar abokina ta karɓa. Da muka tsaya cin abinci, har mai shinkafa da wake ta ƙara masa nama ba tare da ya roƙa ba. Wallahi abincin bai yi mini daɗi ba.

A Bompai ne sa'ata ta zo. Manajan wani kamfanin biskit, Ba'indiye, ya saurari Turancina har ƙarshe, ya juyo gare ni, ba ga abokina ba. Ya ce yana yi mini offer: ɗaki a cikin kamfani, da aikin koyar da ma'aikatansa, da albashi. Murna ta kama ni. Amma bakina ya yi abin da aka tarbiyyantar da shi a kai, kamar maƙwabci ya yi mini bismillah a kan tuwo. Na ce a'a yallaɓai, kada ku ɗora wa kanku nauyi. Na sunkuyar da kai ina jiran ya nace sau biyu, in karɓa a na uku.

Ya gyaɗa kai ya ce babu damuwa. Ya juya ya tambayi abokina ko shi yana so.

"Yaushe zan fara, yallaɓai?" in ji abokina, ko ƙifta ido bai yi ba.

Ni da na yi ta faɗi tun safe cewa offer tayi ne, bai zama naka ba sai ka ce na karɓa, ni ne na bar shi ya wuce. Aji ya tsira, ɗalibai sun samu ɗaki mai fanka, amma sunansa za a rubuta a ƙofa. Ya ce kada in damu, zai ɗauke ni mataimaki. Kishin da nake yi masa yana nan, ban ga amfanin ɓoye muku ba.

Mun kamo hanyar Dorayi kafin Magariba. Abin da na dawo da shi shi ne, kawaicinmu ba ya aiki a ofishin da ba a san shi ba. A hanya ya sayi gurasa da tsire, ya buɗe takardar a cinyarsa ya ce, "Malam, bismillah."

Ban ce na ƙoshi ba. Na ɗauke takardar gaba ɗaya.