Mai Firam Ya Yanka Mutanen Zanen Babana

Jama'a, yau na ga ilimin da ya fi jahilci ɓarna!

Marigayi babana ya taɓa zana bangon wani littafin 'yan fashi a Kano, tun ba a haife ni ba. Ainihin zanen hannunsa, shi kaɗai ya rage mana. Na kai wa Malam Idi mai firam a unguwar Bani Malik, nan ƙasa mai tsarki, ya sa masa gilashi.

Ɗazu na je karɓa. Innalillahi! Mutum uku ne a zanen, kowanne an ja masa baƙin layi a wuya, da tawadar da ba ta goguwa. Ko dokin da ke cikin zanen bai tsira ba!

Na ce, "Malam Idi, wa ya yanka su?"

Ya ce, "Ni ne, ya ustaz. Hoton mai rai ne, sai na raba kai da gangar jiki. Halas, rataya abinka hankali kwance."

Na ce, "Sannu da ƙoƙari. Ɗan fashin zanen nan ya shekara arba'in riƙe da wuƙa bai yanka kowa ba, kai ka gama da su a wuni ɗaya."

Na ɗauki alƙalaminsa na ce, "Miƙo iƙamarka, katin zamanka a ƙasar nan, in gyara maka hotonka da ke jiki."

Nan take ya dafe aljihu. Wai shi hoton iƙama lalura ce!