Shukar da Ba Ta Son Taki

Ɗiyata ta biyu karatun tsirrai ta yi a Sakkwato. A shekararta ta ƙarshe ta zo hutu da wani iri ƙunshe a 'yar takarda, baƙi, laushinsa kamar kwalli. Ta ce aikin kammala karatunta ne, in bai yi ba sai ta maimaita shekara. A ɗakinsu na makaranta babu wurin ajiyewa, shi ya sa ta kawo mini.

Ta wanke yashi har ruwan ya fita fes, ta zuba a robobi uku, ta barbaɗa irin a sama ba ta rufe ba. Ta ce kada in ba shi ruwan rijiya sai na sama, kuma kada taki ya kusance shi. Na tambaye ta to mi zai ci. Ta ce ƙwari. Na yi dariya, na zaci tsokanata take. Bayan ta koma, hanya ta lalace da 'yan bindiga, zuwa gida ya gagare ta.

Damina ce, ina tarar ruwan indararo a baho. Roba biyu na ajiye gindin katanga, ɗaya bayan randa don wuri ya ƙare. Suka tsiro 'yan jajaye, ganyen duk gashi, kowane gashi da ɗigon ruwa kamar raɓa, ko rana ta take ba ya bushewa.

Akwai wata Bafillatana daga wajen Unguwar Lalle da ke kawo mana nono tun ina amarya. Ran nan na tafi suna, ta shigo ta ga shuka a yashi tsura. Ta ɗebo kashin awaki a turkenmu, ta murmushe, ta zuba wa na gindin katanga, ta bi da ruwan rijiya. Da na dawo ta tare ni tana murmushi.

"Yaya, kin bar abin yarinya da yunwa. Na gyara miki."

A wajenmu manomi roƙon Fulani yake su kwana da shanu a gonarsa, ta yaya za ni ce mata taki ɓarna ne? Na yi godiya. Tana fita na hau tsincewa, amma kafin Juma'a duka biyun sun yi baƙi.

Wata safiya na duƙa ɗibar ruwa a randa, sai na ga sauro ya maƙale a ganyen ta ukun, yana ta fafutika. Ina kallo ganyen ya fara lanƙwasowa a hankali, a hankali, har ya naɗe shi. Moɗa ta faɗi daga hannuna. Na yi salati, na kira maigida. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shukar da ke cin mai rai ba za ta zauna masa a gida ba. Na ce masa shekarar ɗiyarmu ce a cikin robar nan. Daga ranar ya daina shan ruwan randar.

Na buga wa ɗiyata waya na faɗa mata biyu sun mutu. Da na ba ta labarin sauron, muryarta ta canza.

"Inna, ya naɗe? Da idonki kin gani?"

Na ce da idona. Ta ce ɗayar ta isa.

Da hanya ta ɗan lafa, na sa robar a kwando, na rufe da jiƙaƙƙen zane, na ba wani direba ran kasuwa ya kai wa ɗiyata, na roƙe shi kada kowa ya taimaka wa shukar da komai. Ta isa da ranta. Yarinyar ba ta maimaita shekara ba.