Mitar Keke da Gwiwar Baba

Shekarun baya, ina sabon malamin firamare a Karaye, wani abokina ya ba ni kyautar wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a kan keke. Ba ta fi kwalin ashana girma ba. Ana maƙala maganaɗisu a wayar tayar gaba, duk juyin da tayar ta yi ta ƙirga, sai ta nuna maka gudunka da nisan da ka ci. Mu dai mita muke ce mata. Daga nasa keken ya ciro ta, ya miƙo mini a leda ya ce, "Ba ta buƙatar komai, ɗaurawa kawai za ka yi." Har yau in na tuna wannan maganar sai zuciyata ta hau tafasa.

Na ɗaura kuwa, kai kuma ya kumbura. Ba a isa a ce wuri kaza da nisa a gabana ba sai na kawo lamba. Daga ɗakina zuwa makaranta kaza, zuwa kasuwa kaza. Na ishi mutane, ni kuma a ganina wayar musu da kai nake yi.

Gidanmu a wani ɗan ƙauye yake bayan Beli, a ƙasar Rogo, kuma ba mu da masallacin Juma'a, sai an shiga gari. Mahaifina tun yana saurayi a ƙafa yake zuwa. Da girma ya kama shi gwiwarsa ta dama ta fara ciwo. Keke ya gagare shi tuƙawa, mashin kuwa tun da ya taɓa kayar da shi ya ce shi da shi har abada. Sai ya fita da hantsi ya dawo bayan La'asar yana jan ƙafa. Mahaifiyata ta ɗora ruwan zafi ta gasa masa, ta shafa man zafi, ya kwana biyu ko wajen shanunsa bai leƙa ba. Juma'a na zagayowa ya sake ɗaukar buta da hula. Ni a Karaye nake sallar Juma'a saboda aiki, sai Asabar nake zuwa gida, in tarar da shi a kwance.

Da abin ya ishi mahaifiyata, ta aika aka roƙi malamin ƙauyenmu ya zo ya yi masa magana. Wata Asabar ya zo, ina nan. Aka gaisa a zaure, aka tambayi gona da dabbobi da iyali, sannan Malam ya kawo zancen. Ya ce ciwo uzuri ne, Allah bai ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba.

Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ba majinyaci ba ne. Mai cin tuwo malmala biyu ai ba a kira shi majinyaci."

Malam ya yi murmushi, ya san halin mutuminsa, sai ya biyo ta wata hanyar. Ya ce a karatun da suka yi, wanda gidansa ya wuce mil uku daga masallacin, Juma'a ba ta wajaba a kansa ba. In ya je ya sami lada, in ya yi Azahar a gida babu laifi. Ya ce shi dai bai taɓa auna hanyar nan ba, amma a ganinsa za ta kai.

Nan Baba ya gyara zama. Wannan ce kaɗai ƙofar da zai yarda ya bi, domin ba ta ce masa ya tsufa ba. Ya ce, "To, in ta wuce, na haƙura. In ba ta wuce ba, kada wanda ya ƙara yi mini maganar."

Wa ya aike ni? Caraf na ce ai ina da abin awo. Muka yi lissafi da Malam, ya ce mil na littafi ya ɗan fi wanda muka sani tsawo, don haka mu ɗauka kilomita biyar da rabi saboda kauce wa shakka. Na hau keke daga ƙofar gida har ƙofar masallacin, na dawo. Huɗu da rabi zuwa, huɗu da rabi dawowa. Na shiga zaure ina share gumi, na faɗi lambar kamar wani alƙali. Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, kun ji dai." Malam ya ce shi ke nan, tunda an auna.

Da na shiga cikin gida, mahaifiyata tana bakin murhu. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, kuma ba ta cika doguwar magana da ni ba. Amma ranar ta ce, "Kai wannan, hanyar nan ta fi yadda ka faɗa. Shekara nawa ina bin ta da ƙwaryar nono a ka. Ka sake dubawa."

Kun san abin da na ce mata? Na ce, "Inna, wannan fa na'ura ce, ba ta san son rai ba."

Ta dube ni, ta mayar da kai ga tukunyarta.

Wata goma sha ɗaya Baba ya yi yana taka wannan hanya a kan maganata. Ran nan da damina, yana dawowa daga masallaci, santsi ya kwashe shi a mashigar rafi. A amalanken shanu aka kawo shi gida. A asibiti aka ce gwiwar ta daɗe da cinyewa, faɗuwar ƙarasa ta kawai ta yi. Na yi baƙin ciki, amma ko kusa ban kawo mita a raina ba. Ƙaddara na ce, na ci gaba da hawa kekena ina karanta lambobi.

Bayan kamar mako uku, muka tafi wani suna Tudun Kaya ni da abokin nan nawa, kowa a kekensa. Da muka isa na duba mita, na faɗa masa nisan da muka ci, yadda na saba. Ya ciro wayarsa ya duba taswira, ya dube ni, ya leƙa mitar. Sai ya fashe da dariya har yana dafa kan keke.

Ya ce, "Wai don Allah ba ka canza lambar taya ba?"

Na ce wace lambar taya?

Ya ce, "Kai malam! Ai ita ba hanya take gani ba, juyin taya take ƙirgawa. Kai za ka faɗa mata tsawon juyi ɗaya. Daga ɗan ƙaramin keken nan nawa mai naɗewa na cire ta, naka kuwa babban keke ne. Tayarka ta ci ƙasa da yawa, ita ta rubuta kaɗan. Ashe shekara guda kana yawo da ƙarya a gabanka!"

Yana dariya, ni kuwa amalanken shanu nake gani. Na jingine keke, na ce, "Kai ne ka ce mini ba ta buƙatar komai. Da bakinka ka faɗa!" Muryata ta tashi har masu zaman suna suka fara juyowa. Na faɗa masa abin da na auna da ita, da abin da ya biyo baya. Dariyar ta ɗauke. Amma maimakon ya ce in yi haƙuri, sai ya ce, "To ni na san masallaci za ka auna da ita? Kuma ai takardar bayaninta na cikin ledar."

Wallahi da ba don idon mutane ba, ban san abin da zan yi masa ba ranar. Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. Takardar tana ciki. Na gan ta, na ga ƙananan rubutu, na ce me zan karanta a nan, ni da nake koyar da lissafi. Da ita na kunna risho.

Ko abincin sunan ban tsaya ci ba. Ina komawa Karaye na aro tef ɗin awo wajen telan unguwarmu, na samo gawayi. Na juya taya har bawul, wato bakin da ake ɗura mata iska, ya zo ƙasa, na ja layi a siminti. Na hau keken, na gangara a hankali har bawul ya sake dawowa ƙasa, na ja wani layin. Na auna tsakaninsu: milimita dubu biyu da ɗari biyu da ashirin. Na yi ta danne-danne har na gano inda lambar take a cikin mitar. Dubu ɗaya da ɗari biyar da casa'in. Na goge ta, na sa wadda na auna. Duka aikin bai ɗauke ni minti goma ba. Minti goma, da gawayin da ake zubarwa a bola!

Asabar na zuwa na tafi gida. Ban ko shiga ba, daga ƙofa na juya na nufi masallacin. Tun kafin in hango hasumiya mitar ta wuce biyar da rabi. Na tsaya a ƙofar masallaci tana nuna shida da ɗigo uku. Na daɗe a tsaye riƙe da keke, ina jin kamar in ɓalle ta in taka.

Na sami Baba a zaure a kan tabarma, ƙafar a miƙe, sanda a gefensa. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba. So nake ya yi mini faɗa, ko na ji sauƙi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ashe kowace Juma'a ana rubuta mini takun da ban san da su ba. To ai ban yi asara ba, malamin makaranta. Tashi ka sha ruwa."

Wannan ta fi mini mari ciwo. Na tashi na shiga ciki. Mahaifiyata ta ji komai, domin tana bayan ƙofa da ruwan gasa masa gwiwa a hannu. Na ce, "Inna, ki yafe mini. Hanyar ta wuce."

Ta ce, "Yanzu na'urar ta yarda da ni ke nan?"

Ta wuce ni ta kai masa ruwan.

Baba bai ƙara taka hanyar nan ba. Da sanda ya ƙarasa shekarunsa, daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa masallacin ƙofar gida. Wataƙila ko da ya daina zuwa tun farko gwiwar za ta kwanta, Allah kaɗai ya sani, kuma mutane da yawa sun faɗa mini haka don in huce. Ban huce ba. Abokina na yi wata huɗu ba na amsa sallamarsa yadda ya kamata, sai da ya je har ƙauye ya duba Baba da goro a hannu sannan muka shirya. Har yanzu ina ganin da laifinsa. Wanda ya san abu yana buƙatar gyara, ya ce maka ba ya buƙatar komai don kawai yana sauri, bai kyauta ba. Amma fushin da na yi da shi ya daɗe da ƙarewa. Wanda nake yi da kaina ne ya ƙi.

Duk mai irin wannan mitar a kekensa, don Allah ya samo gawayi da tef ya auna tayarsa kafin ya buɗe baki ya faɗa wa wani lamba. Kuma in ta saɓa da maganar wanda ya shekara talatin yana bin hanya da ƙafarsa, ya fara zargin mitar. Ni ba awon ne ya fi tsaya mini a rai ba, kowa na iya kuskuren awo. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne tsohuwar da ta haife ni, wadda kunya ba ta barin ta ta faɗi ko sunana, ta daure ta ce mini in sake dubawa, ni kuma na tsaya a kanta ina koya mata abin da ake kira na'ura.