Nuhung Bai Taɓa Jin Ƙirjin Ɗansa Ba

A ƙauyenmu na Bajo, inda gidaje suke tsaye a kan turaku cikin teku, ba a yi wa Nuhung magana sai da ihu. Tun yana saurayi ya fasa dodon kunnensa da gangan, kamar yadda maza masu nutso suke yi: ka yi ta nitsewa ƙasa har kunnen ya fashe, ka kwanta jinya jini na zuba, in ka tashi zurfi ya daina yi maka ciwo. Da wannan kurumtar yake taƙama. Kuma gaskiya ya iya, don in ya shige ruwa da mashinsa sai ka gaji da jira kafin ya ɓullo da kifi.

Allah ya ba shi ɗa namiji guda, Tahang, ya kuma haɗa yaron da ciwon fuka. Da iska mai sanyi ta kaɗa, ƙirjinsa zai fara fito, har maƙwabta su ji ta cikin katako. Kowa ya san wannan sautin, ban da uban.

Matarsa Marwia ta kai yaron gaɓa wurin ma'aikaciyar jinya. Ta dawo da maganin da ake fesawa a baki, ta tsaya dab da kunnen mijin ta ɗaga murya.

"Baban Tahang! Ta ce ya yi iyo a bakin ruwa in rana ta yi zafi, zai ma taimake shi. Amma ban da nutso mai zurfi, ban da sanyi, kuma kada ya rabu da wannan!"

"Ita ta taɓa jiƙa ƙafarta?" in ji Nuhung. "Matar tudu za ta koya mana ruwa? Ke ce kika mayar da shi rago. Ni ban taɓa jin wani fito ba."

"Yo ina za ka ji? Ko injin jirgi aka tayar a kanka ba ji kake ba!"

Ya yi dariya, don ya ɗauka yabo ne. Wannan dariyar har yau tana ba ni haushi. Amma ba mugunta ba ce. Tsoro yake ji. A wurinmu namijin da ba ya nutso ba shi da abin ci, ba mai ba shi mata, sai dai ya zauna cikin tsofaffi yana shanya kifin wasu. Nuhung ya tabbata numfashi abu ne da ake horarwa, tunda haka ya hori nasa. Ya zauna ya sassaƙa wa yaron tabaran nutso na katako, ya liƙa gilashin da hannunsa. Tahang kuwa, da tsara ke kira kazar tudu, ya rataya shi a wuya yana yawo.

Wata safiya Marwia ta tafi sayen rogo. Iska na kaɗawa, ruwa ya yi sanyi. Nuhung ya ce wa yaron ya shiga kwale-kwale. Tahang ya ɗauko maganinsa, uban ya karɓa ya ajiye a bakin ƙofa.

"Mai nutso ba ya tafiya da kayan mata."

Suka yi nisa. Yaron ya nitse sau ɗaya, ya fito yana murmushi. Ya sake, ya daɗe. Uban ya ji daɗi har cikin ransa, ya yi masa alama ya hau ya huta, shi kuma ya kifa a goshin kwale-kwalen, fuskarsa cikin ruwa, yana neman kifin da zai nuna masa. A bayansa ƙirjin Tahang ya toshe. Wani masunci da ke can nesa ya ce ya ji yaron yana kiran "Baba" da ɗan abin da ya rage masa na murya, shi masuncin ya yi ta ɗaga filafilin tuƙinsa yana ihu. Nuhung bai ji ko ɗaya ba.

Da ya juyo, leɓen yaron sun yi baƙi. Ya ɗora tafinsa a ƙirjinsa, sai ya ji abin yana karkarwa a ƙarƙashin hannunsa. Ranar ya fara sanin matarsa ba ƙarya take yi ba. Ya tuƙa har fatar hannunsa ta saɓule, amma gida ya yi nisa, kafin su isa Tahang ya cika. Maganin yana nan a bakin ƙofa inda ya ajiye shi.

Marwia ba ta bar shi ba, ba ta kuma sake yi masa ihu ba, don haka ba ya jin komai daga gare ta. Ya tsufa yanzu. Da safe yakan tsaya inda ake kwance kwale-kwale, ya tare duk yaron da zai fita, ya dafa ƙirjinsa ya ji ko yana karkarwa. Iyayen su ture hannunsa su wuce, suna cewa tsohon ya taɓu. Samari kuma suna nan suna fasa kunnuwansu.

Kwanan baya na same su a bakin ƙofa, yana tambayarta da wannan ƙatuwar muryar tasa.

"Marwia, wai yaya sautin yake?"

Ta dube shi, ta tattara leɓenta ta yi fiton a hankali, yadda ƙirjin Tahang yake yi. Shi kuma ya zuba wa bakinta ido yana jira ta fara.